Haƙoran Mai Begila

Faɗan da Mai Begila ya sha kaye a cikinsa, wanda har yau in an tuna sai an dara, da mai wankin gidan haya suka yi shi, kuma a kan kaji. Ita ta ce tun da ya tare a ɗakin da ke kusa da famfo yake busa wannan ƙarfen nasa da sassafe, kajinta suka daina ƙwai. Shi kuma ya fito da singileti, begila rataye a wuya, ya ce kaza mai hankali ba ta riƙe ƙwai don ta ji busa, a binciki zakaran dai, don ya lura tsoho ne, ko cara ba ya iya ƙarasawa.

Mutanen gida suka kwashe da dariya, har gogan ya fara hura hanci. Mai wanki kuwa ba ta saba a yi mata dariya hannunta na cikin kumfa ba. Ta tsamo wani jiƙaƙƙen wandon kaki daga baho, ta murɗe shi, ta ɗaga sama. Ba ta ma kai ga kaɗa shi ba, Mai Begila ya sa hannu bibbiyu ya toshe bakinsa.

“Au, ka yi shiru?” in ji ta. “Ina bakin ya tafi? Kai ka hana su ƙwai ko ba kai ba ne?”

“Mmm,” in ji shi ta bayan tafin hannu.

“Kun ji ya amsa. Daga yau a cikin kabad za ka riƙa busawa, ko a'a?”

“Mmm.”

“Ya yarda. Ku shaida.”

Haka ƙato guda, ma'aikacin kwana-kwana, ya koma yin atisaye da kansa cikin kabad, tsakanin rigunan matarsa. Kajin ba su koma ƙwai ba sai da aka sake zakara, amma ba wanda ya dawo ya ba shi haƙuri.

Wanda bai san sana'ar ba cewa zai yi tsoro ne. Ba tsoro ba ne. Mutumin nan ya sha shiga gidan da ke ci da wuta ya fito da tsohuwa a kafaɗa, gashin girarsa a babbake. Haƙoransa yake karewa. Mai busa ƙarfe, duk abin da ya mallaka a duniya yana nan a haƙoran gaba na sama da ɗan naman leɓen da ke kwance a kansu. Leɓe ne ke karkarwa ya ba da sauti, haƙori ne bangon da yake jingina. In bangon ya faɗi, sai a rataye ƙarfen a ƙusa. Shi ya sa Mai Begila bai taɓa shan rake ba, bai taɓa tauna ƙashi ko ƙanƙara ba, bai taɓa buɗe kwalba da baki ba irin na samarin da ke son burge 'yan mata. Ranar da ya faɗo daga keke a gaban kasuwa, gwiwa da goshi ne suka sha kwalta, hannayensa na kan baki. Wasu mazan a kan mata suke hauka, wasu a kan mota. Shi a kan ƙasusuwa biyu farare masu 'yar wushirya a tsakani.

Da begila ya fara aiki a ofishin 'yan kwana-kwana, zamanin da ba a kawo jiniya ba. Shi ke busa a tashi, shi ke busa a yi layi, in gobara ta tashi shi ke yin wata busa mai gaggawa da ke sa maza su fito suna ɗaura wando a guje. Da aka girke jiniya a kan rufin ofis, wadda ba ta cin abinci ba ta neman hutu, sai aka tura shi badujala, wato 'yan kiɗa da busan hukumar, aka miƙa masa kakaki mai maɓalli uku. Sunan Mai Begila dai ya riga ya manne masa, bai sake shi ba.

In kana son ka makara wurin aiki, ka tambaye shi asalin abin da yake busawa. A bencin mai aski ya fi baje kolinsa.

“Da ƙahon dabba aka fara,” haka yake ɗaukowa. “Wani makiyayi ne ya tsinci ƙaho, ya huda, ya hura, shanunsa suka waiwayo. Mutanen bakin teku ba su da shanu, sai suka huda ƙatuwar katantanwa. Daga nan aka fafe itace, aka yi na gora. Da maƙera suka iya ƙarfe sai suka miƙe shi zanƙalele, ya fi mai busa shi tsawo, ba ka juyawa da shi a lungu sai ka tsone wa wani ido. Can wani mai wayo ya lura iska ba ruwanta da hanya ta miƙe ko ta lanƙwashe. Ya naɗe dogon nan kamar hanji har ya shiga hammata. Begila ke nan. Ba ta da maɓalli ko ɗaya, muryoyinta 'yan kaɗan ne, duk daga leɓenka za su fito. Sai daga baya aka sa maɓallai, kowanne in ka danna ya buɗe wa iska ƙarin hanya, sautin ya sauka. A nan ragwaye suka samu shiga sana'a.”

Ragwayen da yake nufi mutum ɗaya ne, Saje, wanda ke tsayawa a damansa a badujala. Dogo ne siriri, takalminsa kullum yana sheƙi, busarsa kuma tas take fita kamar an wanke ta da sabulu. In yana wurin sai ya ce, ba tare da ya ɗago daga jaridarsa ba, “Ragon dai ba ya shaƙuwa a ƙarshen waƙa.”

Ya kuwa taɓa inda ke ciwo. In Mai Begila ya hau can ƙololuwar murya, iska takan sulale ta wushiryar nan, sautin ya ɗan tsage, ya yi kamar zai faɗi, sannan ya kama kansa. Ita Saje ke kira shaƙuwa. Shekara da shekaru suka yi kafaɗa da kafaɗa, a fareti, a filin ƙwallo, a wurin buɗe sabuwar gada cikin rana tsaka, ɗaya na ce wa ɗaya rago, ɗaya na ce wa ɗaya mai shaƙuwa. Ba su taɓa cin abinci a gidan juna ba. Maza suna da irin wannan abota, wadda ba ta da suna sai zagi.

Matarsa, Inna Tela, gajeruwar mace ce mai allura a bakin zani da magana a bakin harshe. Kekenta na ɗinki yana jikin taga, ta inda take ganin bakin lungu. Tun suna amarci ya ƙirƙiro wata 'yar gajeruwar busa da ba ta cikin littafin kowa. In ya taso daga aiki ya iso bakin lungun, sai ya tsaya ya busa ta, ta hau, ta hau, ta kai can sama ta yi shaƙuwar nan, ta sauko. Sai ka ji keken ɗinki ya tsaya. Ta ɗora buta a wuta, ta fito bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

“Ka dawo da hayaniyarka?”

“Na dawo.”

“To shigo kafin a kore mu daga unguwa.”

Ba ta taɓa ce masa tana son busar ba. Matan zamaninmu ba sa faɗin irin wannan, kada namiji ya samu wurin miƙe ƙafa. Amma duk gidan da za su koma, sai ta fara duba ko tagar tana kallon lungu. 'Ya'yan da suka haifa ɗaya ce ta rayu, ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, kowa na kiranta Nas, har uban. Ta gado bakin uwar, ba ta gado haƙurin uban ba.

Bayan ya yi ritaya sai ya rataye kakakin a ƙusa, tunda wanda ba ya fita ba ya dawowa. Suka zauna zaman tsufa, ita tana ɗinka kayan jarirai, shi yana gyara mata zancen rediyo. A nan mantuwa ta fara zagayo ta. Da farko abin dariya ne. Ta ɗinke hannun riga a wuya, ta zuba gishiri a shayi, ta nemi almakashi yana hannunta. Daga baya ta fara tambayar ko mahaifiyarta ta aiko, matar da ƙasa ta daɗe da rufewa. Wata safiya ya fito daga wanka da tawul a kafaɗa, sai ta ja mayafi ta rufe kai.

“Malam, wa kake nema? Maigidan ba ya nan.”

Ya yi dariya, ya ɗauka tsokana ce. Da ya matso ta ja da baya har ta bugi keken ɗinki, idonta ya cika da tsoro. Bai ƙara matsowa ba. Ya koma tsakar gida ya zauna a kan bokiti, tawul ɗin na ɗiga.

Safiya da rana da sauƙi, takan bar shi ya zauna a gefe kamar wani baƙon da aka manta a sallama. Yamma ce masifa. Da rana ta karkata sai ta ja kujera bakin ƙofa, ta zuba wa lungu ido. Tana jira, tana murza bakin zani, har ta fara kuka ƙasa-ƙasa, wai ko wuta ce ta cinye shi yau.

“Ga ni nan, ni ne,” yakan ce.

“Haba tsoho, ka ji tsoron Allah. Mijina ko furfura ɗaya ba ya da ita.”

Wata yamma da kukan ya ishe shi, bai san ma abin da ya tayar da shi ba, ya ciro kakakin daga ƙusa, ya goge ƙura, ya ɗiga wa maɓallan man keken ɗinkinta. Ya fita ta ƙofar baya, ya zagayo ta bayan shagon mai faci, ya tsaya a bakin lungu. Leɓen ya yi sanyi, busar ta fito da rawa, amma ta hau, ta kai sama, ta yi shaƙuwarta. Yana hango ta daga nan. Ta daina murza zanin. Ta dafa bango ta miƙe, ta riƙe ƙugu.

“Ka dawo da hayaniyarka?”

Da ƙyar ya iya cewa, “Na dawo.”

Ta dube shi da furfurarsa da komai, ta san shi. Ta yi masa faɗan rigar da bai sa maɓallinta daidai ba, ta zuba masa shayi a kofinsa mai tsagaggen hannu, ta ci abinci tare da shi. Kafin a kunna fitila abin ya dushe, ya koma tsohon da ba a san daga ina yake ba. Amma ta kwanta ba kuka.

Daga ranar ya samu sabon aiki, wanda ba ritaya a cikinsa. Kowace yamma sai ya fita ta baya don ya dawo ta gaba. Mai faci ya saba, in ya gan shi sai ya kashe injin ba taya iska har a gama busa. Ɗan lokacin nan tsakanin busa da kunna fitila shi ne duk abin da ya rage masa na aure, kuma a kan haƙora biyu yake tsaye.

Su kuwa haƙoran sun fara gajiya. Dasashi ya janye, haƙorin hagu ya soma motsi, na dama ya bi shi. Kowa a duniya in haƙorinsa na girgiɗi wurin likita yake zuwa. Mai busa kuwa ya san likita abu ɗaya zai ce. Sai ya buɗe akwatin ɗinkin matarsa, ya zaɓi zare mafi ƙwari, ya tsaya gaban madubi ya ɗaure masu motsin a jikin maƙwabtansu, kamar yadda ake ɗaure dangar da ta kwanta. Ya yi ɗauri mai kyau, a ba shi wannan. Zaren ya yanki dasashi, abinci ya maƙale a ƙarƙashinsa, wurin ya kumbura ya fara ruwa. Maƙwabtan da aka ɗora wa nauyi su ma suka soma motsi. Yana danna ɗan kofin bakin kakakin a leɓe, zafi na harbawa har cikin ido, yana busawa.

Nas ce ta kama shi. Kakaki yana da wani ɗan maɓalli a ƙasa da ake buɗewa a zubar da ruwan numfashin da ya taru a ciki. Ta zo da yamma ta same shi a bayan gida yana zubarwa, ta ga abin da ke ɗiga a kan siminti ja ne.

“Baba, buɗe bakinka.”

“Lafiyata ƙalau.”

“Ban tambaye ka lafiyarka ba. Buɗe.”

Da ta ga zaren sai ta zauna a kan dakali.

“Gobe za mu je a cire su.”

“Ba inda zan je.”

“Baba, ruɓewa suke yi. In ya shiga jini kashe ka zai yi.”

“In aka cire su, wa zai dawo mata?”

“In ka mutu fa, wa zai dawo mata?”

“Sai a ce wuta ce ta cinye shi. Da ma abin da take jira ke nan ta ji.”

Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kawo likitan haƙori har gida. Likitan ya leƙa, ya ja da baya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi wa baki ɗinki da zaren tela ba. Mai Begila ya gode masa, ya raka shi ƙofa, da yamma ya zagaya ya yi busarsa. Haka ya ci gaba har kuncinsa ya kumbura ya rufe ido ɗaya, zazzaɓi ya kama shi. A bayan shagon mai faci ya faɗi, kakakin rungume a ƙirji. Ya farka a gadon asibiti, ƙarin ruwa a hannu, auduga cike da baki. Da aka cire audugar ya aika harshe ya dubo, harshen ya tarar da fili. Duk na gaban sun tafi, da masu laifin da maƙwabtansu.

Bai yi wa Nas faɗa ba. Ita ma ba ta ce ta yi daidai ba, ko da yake ta yi. Abin da ya fi cin ranta shi ne waya na hannunta duk tsawon lokacin nan, ba ta taɓa tunanin ta ɗauki busar ba. Wa ke ɗaukar abin da yake ji kullum?

Da dasashi ya warke aka yi masa haƙoran roba, farare tas, jere kamar na ango. Ya sa su, ya ɗora kakaki, ya danna. Suka zame. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, suka yi tsalle suka faɗa cikin bahon wanke-wanke. Na cin shinkafa ne da gaisawa da mutane, ba na jingina ƙarfe ba.

Daga nan ya shiga bin dangin kakaki ɗaya bayan ɗaya. Ya je ma'ajiyar badujala ya aro ƙaton nan da ake runguma kamar tulu, don kofin bakinsa faffaɗa ne, ba ya matsa wa haƙori. Ya yi ɗawainiya da shi har bakin lungu ya busa. Inna Tela ta ce, “Wa ya saki saniya a unguwa?” Ya aro mai zugewa, wanda ake ja ana turawa. Ta ce jirgin ƙasa ya makara yau. Ya koma wa begilarsa ta farko, ba abin da ya fito sai iska, kamar taya ta yi faci. Har wurin mahauci ya je ya karɓo ƙahon sa, ya huda, ya hura. Karnukan unguwa ne kawai suka amsa. Duk tarihin da ya yi shekaru yana ba mutane a bencin mai aski ya bi shi da baya har farkonsa, bai samu muryarsa a ko'ina ba.

Ita kuwa tana bakin ƙofa. Kukan ma ya ragu, abin da ya fi muni. Ta daina karɓar abinci, wai sai maigidan ya dawo su ci tare. Nas na ɗura mata 'yan cokula da dabara. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Ranar da ya ga zoben a ƙasa, ya sa hularsa ya nufi gidan Saje. Ya same shi a baranda yana goge takalmin da ba inda za shi da shi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, amma haƙoransa na nan reras, ko ɗaya bai yi ƙaura ba. Allah yakan bar wa wasu abin da ba su da wurin kai shi.

“Wa nake gani kamar mai shaƙuwa?” in ji Saje. “An ce an yi maka gwanjon baki.”

“An yi. Kana busawa har yanzu, ko ragwancin ya gama da kai?”

“Ina taɓawa.”

“To aron bakinka na zo.”

Ya faɗa masa komai a tsaye, yana kallon takalmin. Saje bai yi tsokana ba. Ya shiga ɗaki ya fito da akwatin kakakinsa.

Dabarar mai sauƙi ce. Saje zai laɓe a bayan shagon mai faci ya busa, Mai Begila ya shiga lungu da nasa kakakin a hannu kamar yanzu ya sauke shi daga baki. Mai Begila ya rera masa waƙar sau ɗaya ta hanci, Saje ya ɗauke ta. Da yamma ya busa ta, ta hau, ta kai sama, ta sauko, sumul ba ko ƙwarzane. Inna Tela ta karkata kai ta saurara.

“Wannan ya iya,” ta ce. “Amma ba shi ba ne.”

Sai aka koma makaranta. A bayan gidan Saje, ƙarƙashin igiyar shanya, tsofaffi biyu suka duƙufa, ɗaya na koya wa ɗaya kuskure.

“In ka kai sama ka saki gefen leɓe, iska ta ɗan gudu, sannan ka cafke ta.”

Saje ya busa. Tas.

“Ka saki, na ce.”

“Na saki.”

“Ba ka saki ba. Kai ko atishawa a kan layi kake yin ta.”

Da ya saki kuma sai ya saki da yawa, sautin ya faɗi warwas kamar an taka agwagwa.

“Shaƙuwa na ce, ba amai ba.”

“Duk rayuwata ina ce maka ka gyara,” in ji Saje yana share gumi, “yau kai ne kake ce mini in ɓata. Ashe ɓatawar ma wuya gare ta.”

“Da ka ɗauka kyauta nake yin ta?”

Suka yi ta yi, yau da gobe, har wata rana busar ta hau ta tsage daidai inda take tsagewa, ta yi kamar za ta faɗi, ta kama kanta. Mai Begila ya juya baya ya tsaya yana duban bango. Bai taɓa jin ta daga waje ba. Ashe haka take. Ashe abin da matar nan ta yi ta tsayar da keke dominsa ke nan.

A yammar suka jera. Nas na tsaye a tsakar gida da kwanon abinci. Saje ya laɓe, Mai Begila ya gyara hula, ya sa haƙoran roba, ya riƙe kakakinsa. Busar ta tashi. Tana kaiwa shaƙuwar ya fara takowa cikin lungu, zuciyarsa na bugawa kamar ranar da ya fara zuwa zance.

Inna Tela ta miƙe. Ba ta tsaya riƙe ƙugu a bakin ƙofa ba, ta daɗe tana jira. Ta sauko daga dakali ba takalmi, tana dafa bango, ta nufo shi. Ya buɗe baki zai ce ya dawo.

“Gafara, malam,” ta ce, ta raɓa shi ta wuce.

Abin da ba su lissafa ba ke nan. Da can busar daga hannun wanda ke tahowa take fita. Yau daga bayan shago ta fito, ita kuwa sautin take bi. Ta sha kwana ta tarar da Saje, kakaki bai gama sauka daga bakinsa ba. Ta dube shi sama da ƙasa, fuskarta ta washe.

“Ka dawo da hayaniyarka?”

Saje ya daskare. Ya dubi Mai Begila ta saman kanta. Mai Begila ya gyaɗa masa kai.

“Na dawo,” in ji Saje.

“To shigo kafin a kore mu daga unguwa. Ina ka tsaya haka? Dubi yadda ka rame.”

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi har cikin ɗaki. Ta zaunar da shi a kujerar maigida, ta zuba masa shayi a kofi mai tsagaggen hannu. Ta karɓi kwanon daga hannun Nas ta ci, tana ci tana ba shi labarin wata mata da ta kawo ɗinki tana son a yi mata riga daga ƙyallen da bai isa hula ba. Can ta hango Mai Begila a bakin ƙofa, ya cire haƙoran don suna damunsa, yana riƙe da su a hannu. Ta rage murya.

“Wannan tsohon kullum yana nan gidan. Ina jin ba shi da kowa. A zuba masa shi ma, abin tausayi, ko haƙori babu.”

Aka zuba masa a kofin baƙi. Ya sha. Ta cinye abincinta tas, har ta suɗe cokali. Da aka kunna fitila ta fara hamma, Nas ta kai ta ta kwanta.

A ƙofar gida rigimar ta tashi, ƙasa-ƙasa don kada ta ji. Nas ce ta fara, idonta jawur.

“Ba za a sake wannan ba. Ina tsaye uwata na jan hannun wani, kai kuma ana ba ka shayi kamar mai bara a gidanka. Gobe duk unguwa ta ɗauka.”

“Ta ci abinci,” in ji uban.

“Ta ci. Kai fa? Na ga fuskarka, Baba.”

“Yarinyar nan ta yi gaskiya,” in ji Saje. Ya rufe akwatin kakakinsa. “Ni busa na zo yi, ban zo zama a kujerarka ba. Ta kira ni da sunan da ban taɓa jin ta kira ka da shi a gaban mutane ba. Ba zan iya ba. Mu sake dabara, in tsaya a bayanka ko a kan rufi.”

“Ko cikin rijiya ka shiga za ta bi ka.”

“To a haƙura. Ba kyau. Ni ba mijinta ba ne.”

Mai Begila ya dube shi daga hula har takalmin nan mai sheƙi. Ya jefa haƙoran da ke hannunsa cikin aljihu.

“Wa ya ce kai mijinta ne? Ji rago da ɗaukar kai. Mijinta ni ne, kai haƙoran roba ne kawai. Gobe ka zo da wuri, ba ta son jira.”